Wa Ya Aiko Ka?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon ɗan majalisar jiha mai wakiltar mutanenmu na kan dutse, ya rasu da hantsin wata Talata a wani asibiti da ke Giza a ƙasar Masar, bayan doguwar jinyar ƙoda. Kafin azahar gidan da nake haya a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira ya cika maƙil, har sai da matata ta hau bene ta aro tabarmi.

Na zauna kusa da ƙofa ina karɓar gaisuwa, ina kuma kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya, hali ne da na ɗauko a wurinsa ban sani ba. Ɗalibai 'yan'uwana sun zo, na Kano da na Damagaram, yawancinsu ba su san shi ba sai a matsayin tsohon nan mai yawo da filas ɗin shayi a hammata. Waɗannan ban zarge su da komai ba, lada suka zo nema. Bawwab ɗin gidanmu, wato mai gadin ƙofa, ya hawo ya riƙe hannuna ya ce, "El-baƙa'u lillah, ya ustaz." Ya sunkuyo ya tambaye ni ko marigayin minista ne a ƙasarmu. Da na ce a'a, sai na ga ya ɗan rage alhinin, ya sauka abinsa.

Waya kuwa ba ta huta ba. Mutanen da suka shekara suna zaginsa a rediyo su suka fara yaɗa hotonsa, wannan ya ce garkuwar talakawa, wancan ya ce bango ya faɗi. Kira ɗaya ne kawai na yarda daga zuciya ya fito. Ƙanin kakana ne, tsohon da ya fi kowa shekaru a ƙauyenmu. Bai yi mini gaisuwa ba. Da harshenmu ya ce, "Ya sayar da Kwari, ya tafi ya mutu inda ba za mu tambaye shi ba." Ya kashe waya. Ban kare kawuna ba, don ni ma abin da ke raina ke nan.

Ana cikin haka sai ga aminin Kawu na siyasa, wanda suka zauna benci ɗaya a majalisa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya sauka Alƙahira kwana uku kafin rasuwar, wai ya zo a duba masa ido. Ya yi kuka mai sauti, ya share hawaye da hannun babbar riga, sannan ya ja ni gefe.

"Ustaz, kai malami ne, ba sai na koya maka ba," in ji shi. "Sunna ita ce a gaggauta. Ga ƙasa mai albarka, ga bayin Allah kwance ko'ina. Wa zai sa dattijo a akwati a loda shi a jirgi kamar kaya? A sallace shi bayan la'asar, khalas."

A kwana uku har ya iya khalas, wato shi ke nan ɗin Misirawa. Abokan karatuna suka gyaɗa kai, wani ma ya fara jawo hujjoji. Maganar ba ta da aibu ko kaɗan. Ni ne namijin da ya fi kusa da marigayin a ƙasar nan, ni asibiti ke jira in sa hannu, a binne shi a nan ko a kai shi gida. Har na ji sanyi a raina, don a ganina gida babu mai son ganin gawarsa. Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: tunda nake ban taɓa ganin ɗan siyasa ya guji taron jana'iza ba.

Ga wanda bai san mu ba, mu mutanen dutse ne, ƙaramar ƙabila a can arewacin jiharmu. Muna da harshenmu, muna kuma kan duwatsun nan tun kafin a kafa garin da ake mulkinmu daga cikinsa. A ƙasan duwatsun akwai wani kwari mai idon ruwa wanda ba ya ƙafewa ko da rani ya kai inda ya kai. Ba mu taɓa sa masa wani suna ba, Kwari kawai muke cewa. Can muke noma, can muke shayar da dabbobi, can muke binne matattunmu. Kawu shi ne mutum na farko daga cikinmu da ya shiga majalisa, kuma har yau ba a yi na biyu ba.

Mutum ne da bai yarda da kowa ba, kuma ba ya ɓoyewa. In ka yi masa sallama zai amsa, ya kalle ka daga hula har takalmi, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" Haka yake yi wa kwamishina, haka yake yi wa mai tallan goro. Mahaifiyata ta ce ranar da mahaifina ya je neman aurenta ma tambayar da ya fara sha ke nan. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ba ya shan shayin da ba a gabansa aka dafa ba, shi ya sa filas ɗinsa ta fi direbansa sanin hanyar majalisa. In kuwa ya zuba maka daga filas ɗin nan, to ka shiga cikin 'yan tsirarun da ya yarda da su, kuma ba su cika yatsun hannu ba.

Takarda kuma daga ƙarshe yake fara karanta ta. Zai juya ta, ya sa yatsa a layin ƙarshe na shafin ƙarshe, ya yi ta hawa sama a hankali. Abokan aikinsa sun sha yi masa dariya. Shi kuwa cewa yake, "Shafin farko don ku aka rubuta shi. Na ƙarshe shi suka rubuta don kansu."

Ba zan ce wannan hali bai cuci kowa ba. Direban da ya yi masa hidima shekara da shekaru ya kore shi rana ɗaya, don kawai ya hango shi yana gaisawa da ɗan adawa a gidan mai. Direban ya zo har gida ya durƙusa, Kawu bai ko ɗaga kai daga jaridarsa ba. Daga baya ta tabbata ɗan adawar surukin direban ne. Kawu ya ji, bai aika a kira shi ba. Wannan na rubuta shi ne don kada wani ya ce na wanke mamaci da sabulun ƙarya.

Amma shi ɗin ne kuma, in aka kawo tsohuwa daga kan dutse asibitin birni, ba ta jin Hausa balle Turanci, zai bar zaman majalisa ya zo ya tsuguna a gefen gadonta da babbar rigarsa, ya yi mata tafinta har likita ya gama. Yana yi yana yi mata faɗa, me ya sa ta bari ciwo ya ci ta haka. Wata rana ya miƙe a zauren majalisa ya kama jawabi da harshenmu, tiryan-tiryan, ba ko kalmar Hausa ɗaya. Kakakin majalisa ya yi ta buga guduma yana cewa ba a jin abin da yake faɗa. Sai da Kawu ya ga kowa ya ƙosa, sannan ya juya harshe ya ce, "Ranka ya daɗe, minti nawa ka yi ba ka ji ba har ka fusata? Tsofaffina haka suke zaune a asibitinku da kotunku tun da aka haife su." Bayan wannan ne aka fara ɗaukar 'ya'yanmu aikin jinya a yankin. Ranar da labarin ya iso ƙauye, mahaifiyata guɗa ta yi a tsakar gida.

Sai maganar Kwari ta taso. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya nemi a ba shi wurin, gwamnati ta kafa kwamiti, aka ɗora Kawu a kan kujerar shugaba. Muka ce alhamdulillahi, namu ne a kai. Dattawa suka ce ai ko don kaburbura ba za a taɓa Kwari ba. To a nan al'adarmu ta ci mu. Mu ba ma tayar da kabari. Tun zamanin hare-hare kakanninmu suke baje ƙasa bayan sun binne mutum, su watsa ganye, su koro awaki su bi ta kai, don kada maƙiyi ya ƙirga matattu ya gane ƙauye ya yi rauni. Musulunci ya zo ya same mu a haka, muka karɓe shi, amma bajewar ba mu bari ba. Da masu awon ƙasa suka zo, suka zagaya, suka rubuta cewa ba su ga kabari ko ɗaya ba. Bayan 'yan watanni aka ji an sa hannu.

Ina hutu a gida lokacin. Hoton shafin farko na yarjejeniyar yana ta yawo a wayoyi, sunan Kawu a sama. Na same shi a zaure bayan la'asar. Bai ce wa ya aiko ni ba. Ya buɗe filas ya zuba mini shayi, karo na farko a rayuwata, ya turo mini kofin.

"Kawu, da gaske ne ka ba su Kwari?"

"Shafi nawa ka karanta?"

"Ɗaya. Ya ishe ni."

"To madalla. Sha shayinka."

Na ce masa ba zan sha ba. Na ce kakanninsa suna kwance a wurin nan, shi kuma ya sayar da su da kujera. Na faɗi wasu maganganun da ko yanzu ba zan iya rubuta su ba. Ya bar ni na gama, sannan ya jawo kofin ya mayar da shayin cikin filas, ya murɗa murfin. A zaɓen da ya biyo baya mutanenmu suka jefi motarsa, ya faɗi warwas, bai kuma sake tsayawa ba. Ko sau ɗaya bai fito ya kare kansa ba, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin amsa laifi.

Da ciwo ya kawo shi Masar, mahaifiyata ce ta kira ni ta ce, "Ko me ya yi, yayana ne." Na yi masa hidima, amma hidimar dole. Ina hawa mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, da jirgin metro daga Hay el-Sabi' zuwa Giza kusan kullum, in yi masa tafinta, in dawo. Halinsa bai canza ba. Takardar asibiti ta Larabci ma sai ya sa na karanta masa daga layin ƙarshe, ma'aikaciyar jinya tana tsaye tana cewa, "Yalla ya hagg, sa hannu kawai." Ya ce in tambaye ta wa ya aiko ta. Na ce mata yana godiya. Wata biyu muna tare, bai tayar da zancen Kwari ba, ni ma ban tayar ba, kuma bai sake zuba mini shayi ba.

To ranar rasuwar, aminin nan yana tsaye a kaina yana jiran amsa, sai matata ta leƙo ta ce Inna na kira. Inna ita ce matar Kawu, tare suka zo jinyar. Na same ta a ɗaki zaune a ƙasa, jakarsa a gabanta. Ta sa na rufe ƙofa.

"Me mutumin can yake ce maka?"

"Ya ce a binne shi a nan, Inna. Ni ma ina ganin hakan ya fi sauƙi."

"Kawunka ya ce a kai shi Kwari. Ba maƙabartar gari ba, Kwari, dab da idon ruwa. Ya ce a tayar da kabarin, a jera masa duwatsu, kowa ya gani."

Raina ya ɓaci. Na ce wato bai ishe shi ya sayar da wurin ba, sai ya je ya kwanta a ciki yana yi wa mutane gwalo. Inna ta jawo jakar. Ta ɗaga filas ɗin, ta zaro wata takarda mai kauri daga ƙarƙashinta, ta miƙo mini.

"Ya ce za ka yi gardama. Ya ce in ka yi, in ce maka ka fara daga ƙarshe."

Yarjejeniyar ce. Na juya ta, na sa yatsa a ƙasan shafin ƙarshe. Bayan duk sa hannu akwai wani ɗan rataye, layi uku kacal. Ya ce duk wurin da hukuma ta shaida akwai kabari, shi da kewayensa har nisan da aka ambata sun fita daga filin kamfani, ko yanzu ko nan gaba. Na maimaita ko nan gaba ɗin nan har sau uku. Na san Kwari kamar tafin hannuna. In aka auna nisan nan daga bakin idon ruwa, zai haɗiye ruwan gaba ɗaya da ƴar hanyar da mota ke iya bi ta shiga. Kamfanin haƙa kuwa ba ya aiki ba ruwa.

Inna ta ce, "Ya ce da shi da ba shi sai sun ba da wurin, sun fi shi yawan hannu. Wannan ratayen kaɗai ya roƙa. Suka yi dariya suka ba shi, tunda an riga an rubuta babu kabari."

"Me ya sa bai faɗa wa kowa ba?"

Ta kalle ni kallon wanda ya yi tambayar wauta. "Kawunka? Ni ma sai shekaranjiya ya faɗa mini."

Na sake duban takardar da ke hannuna. Kunya ce ta fara kama ni, sannan haushi ya biyo, don da ya buɗe baki sau ɗaya da bai mutu da jifa a jikin motarsa ba. Amma na san amsar da zai ba ni. In mutum biyu suka sani, na uku zai sani, a wayi gari an goge ratayen ko an kewaye Kwari da waya. Kabarin talaka za a iya cewa ba a gani ba. Na tsohon ɗan majalisa kuwa, majalisa da kanta take turo wakilai, ta rubuta a kundinta inda aka binne shi. Shaidar hukuma ke nan, kuma ba shi da abin da zai saye ta da shi sai gawarsa.

Na fito falo. Na ce wa abokan karatuna malamanmu sun halatta a ɗauki mamaci zuwa wani gari in akwai maslaha, kuma marigayi ya bar wasiyya a kai shi gida. Aminin ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, ka yi tunani. Wahala ce, ga mutanenku ba sa ƙaunarsa. Gida ina? Cikin gari dai ko?"

Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya aiko ka?"

Aminin ya kalle ni. Ya yi wata 'yar dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, ba komai. Ashe ciwon gado ne." Har yau ban sani ba ko wani ne ya aiko shi, ko kuwa da gaske idonsa ya zo dubawa. Ban dai taɓa ganinsa da tabarau ba, kafin nan ko bayan nan.

Kwana huɗu na yi ina zirga-zirga tsakanin asibiti da ofisoshin Wustul Balad, tsakiyar birnin, kafin takardu su kammala. Duk wanda ya tambaye ni ina za a binne shi, sai in ce gida. Ban yi ƙarya ba. Mahaifiyata kaɗai na faɗa wa, ita ma ba ta waya ba, ta hannun wani ɗan kasuwa da zai riga mu sauka na aika mata da rubutu a rufe. Ita ta hau dutse da ƙafarta ta sami ƙanin kakana.

Ranar jana'iza wakilan majalisa suka zo da jerin motoci da 'yan jarida, aminin yana sahun gaba. Aka yi salla a filin gari. Motar gawa ta tashi, suka bi ta. Da ta wuce ƙofar maƙabarta ba ta tsaya ba, na waiga na ga ana ta ɗaga waya a cikin motocin baya, amma wa zai juya ya bar gawa a gaban kyamara? Haka suka bi mu har Kwari, manyan riguna suna jan ƙaya. Mun tarar an riga an haƙa, taku kaɗan daga idon ruwa. Da aka rufe, matasa suka kawo ganye bisa al'ada, har wani ya fara koro awaki. Ƙanin kakana ya ɗaga sandarsa ya tsayar da su. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki dutse, ya ajiye a wajen kai. Ya ɗago ya ce mini da harshenmu, "Ban ce na yarda da shi ba. Sai na ga ruwan nan ya kai baɗi a hannunmu."

Ya kai baɗi, ya kai baɗin waccan. Turakun kamfani suna nan a bayan tudu, ba su matso ba, magana kuma tana kotu, ban san yadda za ta ƙare ba. A ƙauye har yanzu akwai masu cewa tun farko ya shirya abinsa, akwai masu cewa sayarwa ya yi, sai da mutuwa ta matso ya nemi abin wanke suna. Ni kaina wata rana ina nan, wata rana ina can. Shi ya koya mana kada mu yarda da kowa, bai kuma cire kansa a ciki ba. Abin da na sani shi ne, a duk faɗin Kwari inda kakanninmu suke kwance ba alama, kabari ɗaya ne ake gani, kuma matan ƙauyenmu ta gefensa suke bi su ɗebo ruwa.

Inna ta ba ni filas ɗin da zan dawo Alƙahira. Tana ajiye bisa kanta a ɗakina, kusa da littattafai. Matata ta taɓa cewa ta wanke ta mu riƙa amfani da ita, na ce ta bari tukuna. Sau ɗaya tak mutumin nan ya zuba mini shayi, ya tambaye ni shafi nawa na karanta, na ce ɗaya ya ishe ni.

Allah, Kai ne Ka san abin da ke shafinsa na ƙarshe, mu na farko kawai muka gani. Ka yafe masa abin da ya yi wa direbansa da sauran waɗanda zarginsa ya cuta, Ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya bar mana ruwa. Ni kuma Ka yafe mini kofin da na ture.